Sitiyari na rawa idan mota ta kai gudu 100: daga ina matsalar take?

Duk mai hawa babban titi ya san wannan abu. A cikin gari motar lafiya lau take tafiya, amma kana fita hanyar Zariya ko ta Kaduna zuwa Abuja ka ɗan taka, allura ta haura 90, sai sitiyari ya fara kaɗawa a hannunka har kafaɗa kana ji. Abin da nake so masu mota su gane shi ne rabin binciken nan direba ne yake yinsa tun kafin ya isa gareji, domin lokacin da motar take rawar kai ne a ciki ba bakanike ba, in ka je masa da "motata tana rawa" kawai to ka buɗe ƙofar canje-canjen kaya har kuɗinka su ƙare.

Me ya sa sai tsakanin 90 da 110 take yi, a cikin gari kuma shiru?

Saboda mafi yawan lokaci matsalar balansin taya ce. Babu tayar da nauyinta yake daidai cif a ko'ina, wani gefen yakan ɗan fi wani, shi ya sa ake liƙa ƴar dalma a jikin rim don ta daidaita. Idan dalmar ta faɗi a wani rami, ko an cire tayar an yi faci an mayar ba a sake balansin ba, to gefen da ya fi nauyi zai riƙa fizgar tayar duk zagaye ɗaya. Kamar fankar sama ce da fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe, a lamba ɗaya ba ka ganin komai amma kana kai ta biyar sai ta fara lilo.

Bari mu yi lissafi da taya mai lamba 205/55R16, irin wadda ake gani a Corolla da Golf da yawa. Zagayenta kusan mita 2 ne, kenan a gudun kilomita 100 tana juyawa kamar sau 14 a kowace daƙiƙa. Idan akwai rarar nauyi na giram 30 kacal a bakin tayar, a wannan gudun ƙarfin fizgarsa ya kai kusan na kilo 7, kuma sau 14 a daƙiƙa yake bugawa. A gudun 50 bai kai kilo 2 ba, domin duk lokacin da gudu ya ninka biyu ƙarfin fizgar ninkawa huɗu yake. Sannan ƙafar ƙaramar mota, wato taya da sifirin da shoka, tana da wani bugu nata da take saurin amsawa, wajen sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa, to da juyin taya ya zo daidai da wannan sai rawar ta fito fili. Shi ya sa wasu suke cewa in sun wuce 120 tana raguwa. Eh tana iya raguwa a hannu, amma matsalar tana nan, kuma ƙa'idar gudun ƙaramar mota a babban titi mai hannu biyu a Najeriya 100 ne, ba magani ba ne ƙara wuta.

To yaya zan gane daga ina take fitowa kafin in je gareji?

Ka samu hanya mai kyau mara cunkoso ka lura da abu uku. Na farko a ina kake jin rawar: in a sitiyari ne to tayoyin gaba ake zargi, in kuma a kujera ko ƙasan ƙafarka kake ji, ko madubin tsakiya ne yake rawa, to ka duba baya. Na biyu, a daidai gudun da take yi ka ɗaga ƙafa daga totur, in mai giyar hannu ce ka taka kuloch ka bar ta tana gangarawa. Idan rawar tana nan yadda take to daga taya ne ko rim, in kuma ta ɗauke tana dawowa da zarar ka sake taka totur, musamman wajen hawan tudu ko wuce babbar mota, to hankalinka ya koma kan shaft, wato ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa taya, galibi mahaɗin ciki na wajen giya, ko injin sit, wato robar da injin yake zaune a kai, da ya tsage. Na uku ka taɓa birki a hankali. In sai da birki take yi, wannan wani babi ne daban, za mu zo kansa.

Akwai kuma wadda take yi tun daga gudun 20 ko 30, sitiyari yana ɗan karkata hagu da dama a hankali kamar motar tana ɗingishi. Wannan ba balansin ba ne, ko rim ya lanƙwashe ko wayar cikin taya ta saki.

Bakanikena ya ce in je a yi alaimen, shi ne maganin?

Yawanci a'a. Alaimen gyaran saitin ƙafafu ne, alamarsa mota ta riƙa ja gefe ɗaya, ko sitiyari ya karkace alhali kana tafiya miƙe, ko taya ta riƙa cinyewa ta ciki ko ta waje. Shi kansa ba ya kawo rawa. Inda yake shigowa shi ne in an daɗe ba a yi ba har tayar ta cinye ba daidai ba, ta yi tudu da kwari, to a nan ko an yi alaimen tayar ta riga ta lalace kuma rawar ba za ta tafi ba. Ka fara da balansin, ya fi araha kuma shi ne ya fi yawan zama dalili.

Na yi balansin ɗin, har sau biyu ma, amma ba ta daina ba. Me ya rage?

Nan ne ake shan wahala kuma nan ne nake so a tsaya a natsu. Da farko balansin ma suna suka tara. Ka tsaya a wurin ka ga an cire tsofaffin dalmomi gaba ɗaya kafin a ɗora tayar a na'ura, ka ga an kankare busasshiyar laka da ta maƙale a cikin rim, wadda bayan damina takan taru sosai har ita kaɗai ta isa ta kawo rawa. Bayan an liƙa dalma a sake juyawa sai na'urar ta nuna sifili a ɓangaren ciki da na waje duka. Wasu masu rim ɗin aloy ba sa son a ga dalma daga waje sai a liƙa layi ɗaya a tsakiya, to wannan yana gyara tsallen sama da ƙasa ne kawai, kaɗawar gefe da gefe wadda ita ce take zuwa sitiyari tana nan. Idan kana da shakka kan na'urar, ka ce a kwance tayar a ɗan juya ta a sake ɗaurawa a gwada, in lambar ta canja sosai to ko na'urar ta rasa saiti ko ba a zaunar da tayar daidai ba, ka nemi wani wurin.

Lokacin da tayar take juyawa a na'urar ka durƙusa ka zuba mata ido. Bakin rim ya kamata ya tafi a layi ɗaya, saman tayar ma haka. In ka ga tana ɗan tsalle ko tana kaiwa da komowa to ba zagayayya ba ce, kuma taya mai siffar ƙwai ko an cika ta da dalma na'ura za ta nuna sifili amma a titi rawa za ta yi. Rim na ƙarfe ana iya buga shi ya miƙe, na aloy kuwa in ya tsage ban ba da shawarar a yi masa walda a mayar gaba ba. Haka nan in na'ura ta nemi dalma mai yawa sosai a taya ɗaya, a sassauta tayar daga rim a juya ta rabi a sake zaunarwa, sau da yawa adadin yana sauka. Sabuwar taya ma wasu kamfanonin suna sa ɗigon ruwan ɗorawa a gefenta, wurin da ya fi rashin nauyi kenan, ana so ya zo daidai da bawul ɗin iska.

Wani abu da ba a cika tunawa ba shi ne ruwa a cikin taya. Injin iskar mai faci in ba a zubar da ruwan tankinsa yana turawa har cikin taya, haka ma maganin toshe huji da ake ɗurawa ta bawul, kuma tunda ruwa yawo yake ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau a yi balansin gobe ta dawo. Sai kuma rim ɗin kwalliya da aka saya daban wanda ramin tsakiyarsa ya fi na motar faɗi, yana buƙatar zoben da zai cike giɓin, in babu shi tayar ba ta zama a tsakiya.

Gwajin da ba ya cin ko sisi: ka mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba, kowacce a gefenta. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera to ka kama mai laifi, taya ce ko rim. In ba abin da ya canja sai a duba ƙarfen ƙafa.

Tayar Beljiyam na saka, tana da hannu a ciki?

Tana iya yiwuwa sosai. Na san halin da ake ciki, sabuwar taya ta yi tsada, amma tayar da ta daɗe a jibge an danne ta da wasu, ko an cusa wata cikin wata wajen shigowa, wayar cikinta takan ji rauni ba a gani daga waje. Ka shafa hannu a samanta zagaye ɗaya, in ka ji ƙullutu ko kumburi ko wurin da zanen ya karkace to wayar ta rabu da roba, irin wannan ce take fashewa a kan gudu cikin zafin rana. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Michelin na cewa taya in ta kai shekara 5 a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da zanenta na nan. Zanen kuma kada ya gaza milimita 1.6.

Motar da ta yi makonni a ajiye ita ma takan yi rawa da farko saboda gindin tayar ya ɗan baje, wannan yakan tafi da kansa in tayar ta ɗau zafi.

Tawa sai na taka birki daga gudu sitiyarin yake kaɗawa.

Faifan birki ne na gaba, wanda kanikawa ke kira dis. Kaurinsa ya daina zama ɗaya ko bai zauna daidai a mazauninsa ba, sai fatar birki ta riƙa kamawa tana saki, har a ƙafarka za ka ji fedar tana bugawa. Abin da ke jawo shi akwai ɗaure notin taya ba tsari, a ɗaure ɗaya tamau har a hau kan sifana da ƙafa kafin a taɓa sauran. Ana ɗaurewa ne a tsallake, wannan sannan wanda yake fuskantarsa a ɗaya gefen, a hankali, kuma akwai ma'auni, Corolla da Camry wajen Nm 103 ne (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Tsatsa a mazaunin faifan ma tana sa shi karkacewa. Ana iya fere faifan in kaurinsa bai kai ƙarshen adadin da aka rubuta a jikinsa ba, in ya kai sai canji, kuma biyun gaba tare ake canjawa.

In kuma rawar tana ƙaruwa ne yayin da tafiya take nisa ko ba ka taɓa birki ba, ka tsaya ka kusanta hannu da kowane rim ba tare da ka taɓa ba. Wanda ya fi sauran zafi da nisa, ga ƙauri, birkinsa ne ya riƙe.

An ce in canja tayarod da boljoyin da shoka gaba ɗaya, in yarda?

Ka ce a nuna maka. A ɗaga motar da jek, a kama tayar hagu da dama a girgiza, in akwai lakwaf-lakwaf to tayarod ne, wato sandar da ke kai juyin sitiyari zuwa taya, ko rak ɗin sitiyari, ƙarfen da ke tura ta. A kama sama da ƙasa a girgiza, in tana motsi to boljoyin ne, wato gaɓar da ƙafar motar ke juyawa a kai, ko boris, wanda taya take juyawa a kansa. Boris yana da tasa alamar, gurnani da ke ƙaruwa da gudu kuma yana canja sauti in ka ɗan karkata hagu ko dama. Waɗannan kayan in sun saki suna ƙara wa rawar ƙarfi ne, ƙaramin rashin balansin sai ya zama babba, don haka wanda aka ga ya saki a canja shi, wanda yake daram a bar shi. Masu Hilux da bas masu jan baya su ƙara da duba kuros ɗin farfela, wato mahaɗin dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, rawarsa a ƙasan mota ake jinta.

Zan iya yin tafiya da ita haka kafin in gyara?

In ƴar rawa ce da ta daɗe tana zuwa a gudu ɗaya ba ta ƙaruwa, kuma ka duba tayoyin babu kumburi, noti a ɗaure, za ka iya kaiwa inda za a yi balansin, ka tsaya ƙasa da gudun da take farawa. Kada dai ka bar ta wata da watanni, tana cin taya da shoka da bushin a hankali. Amma rawar da ta taso farat ɗaya a tsakiyar tafiya, ko take ƙaruwa minti bayan minti, ko ta zo da ƙwanƙwasa, wallahi kada ka ce bari in ƙarasa Kaduna tukuna. Ka saki totur, kada ka danne birki da ƙarfi, ka gangara gefe a wuri mai aminci, ka fara da notin taya ɗaya bayan ɗaya, musamman in kwanan nan aka cire tayar, sannan ka shafa kowace taya ciki da waje. In ka samu kumburi ka sa safaya nan take.