Ma'aikacin lafiya, ka tambayi majinyacinka abin da yake sha?

Mai ɗauke da cutar ƙanjamau zai karɓi maganinsa, ya ɓace wata uku, ya dawo a auna jininsa a tarar ƙwayar cutar ta ƙaru. Abin da akasarinmu ma'aikatan lafiya muka iya a nan shi ne faɗa: "Haba Malam, da ranka kake wasa?" Da wuya mu tambaye shi ko yana shan giya, ko yana haɗiyar ƙwaya, ko yana yi wa kansa allurar hiroyin. Ba mugunta ba ce. Yawancinmu ba a koya mana yadda ake wannan tambaya ba, balle abin da za mu yi idan ya ce e.

Alhali shaye-shaye na daga cikin manyan abubuwan da ke raba mutum da maganinsa. Wanda jikinsa ke rawa da sassafe saboda bai samu abin da ya saba sha ba, ba ta maganin ƙanjamau yake yi ba. Faɗa kuwa ƙara korarsa yake yi daga asibiti.

Horon da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tambayoyi 10 da ake kira AUDIT don gane mai matsalar giya, da wasu mai suna ASSIST don sauran kayan maye. Cikin 'yan mintuna an gama, muddin an yi tambayar a keɓe, da sakin fuska, ba a kan layi jama'a na ji ba.

Sai kuma magani. Tun 2005 hukumar ta sanya methadone da buprenorphine cikin jerin muhimman magunguna. Suna kwantar da tsananin ƙwaɗayin hiroyin da danginta, har mutum ya samu natsuwar zuwa asibiti a kan kari. Binciken da aka wallafa a mujallar likitanci ta BMJ a 2012 ya nuna wannan magani na rage haɗarin kamuwa da ƙanjamau da kashi 54 cikin ɗari a tsakanin masu allurar ƙwaya. Masu cewa ai musanya ƙwaya da ƙwaya ne, su dubi wannan adadi da kyau.

Ga wani abu da rashin horo ke jawowa. Magungunan ƙanjamau efavirenz da nevirapine, da kuma rifampicin na tarin fuka, suna rage ƙarfin methadone a jini. Majinyacin da ke shan methadone zai zo yana gumi, yana hamma, gaɓoɓinsa na ciwo, a ce ƙarya yake yi don a ƙara masa. Wanda ya samu horo zai duba katinsa, ya gane haɗin magungunan ne, ya sanar da likita a gyara adadin. Shi dolutegravir, wani maganin ƙanjamau, ba ya kawo wannan matsala.

Horon ya kamata ya kai ga nas, da mai ba da magani, da mai ba da shawara, har da mai rajista a bakin ƙofa, domin shi ne farkon wanda majinyaci ke haɗuwa da shi. Kuma kowannensu ya san inda ake ajiye naloxone, maganin da ke farfaɗo da wanda hiroyin ta danne masa numfashi, ya kuma iya ba da shi.