Waiwaye: Yadda Yahudawa suka fahimci kusancin Allah da bayinsa

Tambayar da ta daɗe tana cin malaman Yahudawa ita ce: Ubangijin da sammai ba sa ɗaukarsa, ta yaya zai zauna tare da mutane? Sunan da suka ba wa wannan zama shi ne Shekina. Kalmar ba ta zo a Attaura ba, ta fito ne daga baya a fassarorin Aramiyanci da maganganun malamai. Masu karatun Alƙur'ani za su tuna da "sakina" da aka ambata tare da akwatin alkawari a Suratul Baƙara, tushensu ɗaya ne.

Da farko Shekina tana da wuri takamaimai: alfarwar da aka kafa a jeji zamanin Annabi Musa, sannan Haikalin Ƙudus. Sai Babiloniyawa suka rushe Haikalin a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa kuma suka rushe na biyu da aka sake ginawa a shekara ta 70 miladiyya. A ganina nan ne zuciyar tarihin. Mutanen da aka raba da gidan ibadarsu ba su yarda an raba su da Ubangijinsu ba. Talmud, babban kundin maganganun malaman Yahudawa, ya ce duk inda aka kora Bani Isra'ila, Shekina ta bi su, har Masar, har Babila. Malamai suka ce tana tare da mutum goma da suka taru don addu'a, tana tsakanin mutum biyu masu nazarin Attaura, tana kuma daidai kan majinyaci, shi ya sa mai zuwa dubiya ba ya zama a saman wurin da ya fi na mara lafiya tsayi. Rabbi Akiba ya ƙara da cewa tana tsakanin miji da mata idan sun cancanta.

Masu falsafa da suka rayu cikin ƙasashen Musulmi sun ji tsoron kada a siffanta Allah da jiki. Sa'adiya Ga'on, wanda ya rasu a 942, ya ce Shekina haske ce halittacciya. Musa bin Maimun, ɗan Kurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya karkata ga hakan. Nahmanides, wani malamin Yahudawa na Sifaniya, ya ƙi, ya ce ba wani abu ba ce dabam da Allah.

Masu ilimin Kabala, wato sufancin Yahudawa, suka kai maganar nesa. A littafin Zohar, wanda ya bayyana a Sifaniya a ƙarshen ƙarni na 13, Shekina ita ce ta goma cikin matakan bayyanar Ubangiji, ana kwatanta ta da amarya ko uwa da ke gudun hijira tare da 'ya'yanta. Bayan korar Yahudawa daga Sifaniya a 1492, malamai irin su Ishaƙ Luriya, da ya rasu a 1572, sun taru a garin Safad da ke yankin Galili. Suna tashi da tsakar dare suna kukan hijirarta, ranar Juma'a da yamma kuma su fita bayan gari su tarbi Asabar kamar amarya. Daga can ne addu'ar tarbar Asabar ta yaɗu zuwa majami'un Yahudawa na duniya, kuma har yau ana yin ta.