Waiwaye: Yadda Wata Ya Shiga Fuskar Agogo

A fuskar wasu agogunan hannu akwai wata 'yar taga mai siffar baka, wadda a cikinta ake ganin wata na zinariya a kan shuɗin sararin da aka yayyafa wa taurari. Idan mai gyara ya ɗaga fuskar, abin da ke ƙarƙashi ba shi da yawa: faifai ne guda ɗaya siriri, an zana masa wata biyu suna kallon juna, gefensa kuma an yanka masa haƙora 59. Sau ɗaya a kowace awa 24 wani ɗan yatsan ƙarfe yake tura haƙori guda, faifan ya gusa kaɗan, watan ya leƙo daga bayan tudun hagu na tagar a matsayin jinjiri, ya yi ta girma har ya cika a tsakiya, sannan ya shige bayan tudun dama daidai lokacin da ɗan'uwansa yake shirin fitowa.

Adadin nan na 59 ba a banza aka zaɓe shi ba, kuma daga gare shi tarihin wannan fasaha ya rataya. Daga haihuwar wata zuwa ta gaba, a matsakaicin lissafi, kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 da daƙiƙa kusan 3. Maƙeri ba zai iya yanka rabin haƙori ba, don haka aka haɗa wata biyu a faifai ɗaya, aka ba kowanne kwana 29 da rabi. Minti 44 ɗin da aka zubar ba sa ɓacewa. Taruwa suke yi sannu a hankali, har bayan kimanin shekara biyu da wata bakwai agogon ya riga watan sama da yini guda cur, mai shi ya nemi ɗan tsinke ya danna maɓallin da ke gefen agogon ya daidaita shi.

Neman kama tafiyar wata da haƙoran ƙarfe ya girmi agogo da kansa nesa ba kusa ba. A shekarar 1901 aka tsamo wani dunƙulen tagulla da tsatsa ta cinye daga tarkacen jirgin da ya nutse kusa da tsibirin Antikythera na ƙasar Girka, kuma sai a shekarar da ta biyo baya aka lura cewa akwai faifai mai haƙora manne a jikinsa. Na'urar, wadda masana suka ce an ƙera ta a ƙarni na biyu ko na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, tana ajiye yanzu a gidan tarihi na birnin Atina, kuma faya-faye talatin ne suka saura daga cikinta. Da hannu ake murɗa ta, tana nuna matsayin rana da wata, tana bin zagayen shekara 19 da ya yi daidai da wata 235, tana kuma hasashen husufi. Siffar wata kuwa da 'yar ƙwallo take nuna ta, rabi mai haske rabi baƙi, tana juyawa a kan sandarta.

Bayan Girkawa an daɗe ba a ji ɗuriyar irin wannan aiki ba, sai ɗan abin da ya tsira daga zamanin Rumawan Gabas, har zuwa wajajen shekara ta 1000 lokacin da Abu Raihan al-Biruni ya bayyana wata na'ura da ya kira akwatin wata, mai faya-faye takwas, waɗanda a cikinsu akwai masu haƙora 59. Ke nan lissafin da ke cikin agogon hannun yau ya haura shekara dubu yana aiki ba a canza shi ba. Abin da al-Biruni ya rubuta ya bayyana a ƙarfe a hannun Muhammad bin Abi Bakr na Isfahan, wanda ya ƙera asturlabi, wato na'urar auna matsayin rana da taurari, a 1221 ko 1222, ya sa masa kalanda mai haƙora a baya: taga ɗaya tana nuna siffar wata, wata kuma tana nuna kwanakinsa. Wannan asturlabi yana gidan tarihin kimiyya na Oxford a Ingila, kuma ana lissafa shi a matsayin na'ura mai haƙora mafi tsufa da ta iso gare mu a cike.

Da agogon nauyi, wanda nauyin da aka rataya masa ke tafiyar da shi, ya bayyana a Turai, masu ƙira ba su tsaya ga awa ba, domin sararin samaniya suka fi ɗoki a kai. Richard na Wallingford, shugaban gidan ibada na St Albans wanda ya rasu a 1336, ya tsara agogon da ke nuna rana da wata da cikar ruwa a gadar Landan. A Padua ta Italiya, Giovanni de Dondi ya kammala nasa a 1364 bayan shekara 16 yana aiki, mai fuska bakwai, ɗaya ga rana, ɗaya ga wata, biyar ga taurarin da aka sani a lokacin. Agogon dandalin birnin Prague, wanda aka kafa a 1410, har yau jama'a suna taruwa a gabansa, kuma watansa ƙwallo ce mai rabin azurfa da rabin baƙi.

Mai karatu na yau zai iya ɗauka ado ne kawai, amma a ƙarni na 18 sanin daren farin wata bukata ce ta yau da kullum. Babu fitilun titi a wajen manyan birane, matafiyi yana duba ko zai sami hasken komawa gida, matuƙin jirgi kuma yana lissafa cika da janyewar teku, waɗanda suke bin wata. Shi ya sa dogayen agogunan tsaye na gidajen Ingila suka riƙa ɗauke da faifan wata a saman fuskarsu. Wata ƙungiyar masana da masu masana'antu a Birmingham, wadda James Watt da Erasmus Darwin suke ciki, ta ɗauki sunanta ne daga wata, saboda mambobinta sukan haɗu a kusa da cikarsa don su hau dawakinsu su koma da haske.

Daga nan wata ya shiga agogon aljihu, sannan ya koma wuyan hannu. A 1925 kamfanin Patek Philippe na Geneva ya fitar da agogon hannu mai tagar wata da kalanda ta dindindin, wadda ke lissafa tsawon kowane wata da kanta, da injin da aka fara ƙerawa tun 1898. Sai dai kafin a kai nan wutar lantarki ta riga ta rage wa farin wata amfani, kuma da Seiko ta fito da agogon batir a ƙarshen 1969, agogon da ake ba wa wani, wato marar batir, gaba ɗayansa ya shiga halin ni-'yasu. Abin mamaki shi ne tagar wata tana cikin abubuwan da suka farfaɗo da shi: a 1983 Blancpain ta dawo kasuwa da agogo mai cikakkiyar kalanda da wata, masu saye suka nuna cewa abin da batir bai damu da shi ba shi suke so. Shekara biyu bayan haka Ludwig Oechslin ya ƙera wa Ulysse Nardin asturlabi na ɗaurawa a hannu, a 2014 kuma Van Cleef & Arpels ta fitar da agogon da taurari shida suke kewaya rana a fuskarsa, kowanne da saurinsa na gaskiya, Uɗaridu a kwana 88, Zuhal kuwa sai ya haura shekara 29 kafin ya gama zagaye ɗaya.

Tun daga lokacin, gasar ta koma kan minti 44 ɗin nan. Da faifai mai haƙora 135, kuskuren kowane wata yakan sauka ƙasa da minti ɗaya, sai an yi shekara 122 kafin ya kai yini. A. Lange & Söhne ta Jamus ta kai shekara 1,058, Oechslin ya haura 3,400 da 'yan sassa biyar kacal, Andreas Strehler na Suwizalan ya wuce shekara miliyan biyu a 2014, sannan IWC ta sanar da shekara miliyan 45 a 2024. A ganina aikin Oechslin ya fi burgewa, domin rage sassa ya fi ƙara su wuya. Miliyoyin shekarun kuwa lissafin takarda ne: agogon da aka ajiye kwana biyu ko uku ba a ba shi wani ba zai tsaya, man da ke cikinsa yana bushewa cikin 'yan shekaru, watan da kansa kuma yana nisantar duniya da kimanin santimita 3.8 a kowace shekara, don haka ma'aunin da ake bi ba a tsaye yake ba.

Akwai kuma abin da tallace-tallace ba su cika faɗa ba. Tagar mai tudu biyu ba ta nuna ainihin siffar wata a kwanakin da ke gab da cikarsa da waɗanda ke bayanta, saboda tudun yana cin watan ta hanyar da inuwar gaskiya ba ta yi, kuma mazauna kudancin duniya suna ganin jinjirin a juye, abin da ya sa wasu agogunan suke nuna wata biyu a lokaci guda. Mafi girma daga waɗannan shi ne cewa agogo matsakaicin wata yake bi, alhali na sama yana sauri idan ya kusanto duniya, yana jinkiri idan ya nisanta, har tsawon wata ɗaya kan bambanta da na wani da fiye da rabin yini. Ko agogon kalandar Hijira da Parmigiani Fleurier ta ƙera, wanda ya ci lambar yabo a Geneva a 2020, lissafi yake bi, ba ganin jinjiri ba, don haka yana iya saɓa wa ranar da aka ga wata da ido. Maƙerin Antikythera ya san da wannan sauri da jinkiri, ya kuma kwaikwaye shi da ƙusa mai zamewa cikin tsaga tsakanin faya-faye biyu da ba su haɗa cibiya ɗaya ba, dabarar da masu bincike suka bayyana yadda take aiki a 2006 bayan sun haska cikin tagullar da na'urar hoton ƙashi.