Wutsiyar ƙwayar maniyyi ba farfela ba ce

Wasu suna ɗauka cewa wutsiyar ƙwayar maniyyi da siliya, ƙananan gashin da ke share hanyoyin numfashinmu, juyawa suke yi da inji ɗaya a gindi. Wannan tsarin bakteriya ne. Namu lanƙwasa suke yi, injinan kuma a jere suke tun daga gindi har ƙarshe.

A cikin kowace wutsiya ko siliya akwai tagwayen bututu 9 kewaye da bututu 2 na tsakiya. Furotin ɗin dainin, wato injin da ke jikin kowane tagwaye, yana ƙona ATP, sinadarin da ke ba ƙwayoyin jiki makamashi, ya ja tagwayen da ke maƙwabtaka da shi. Da a sake suke, da zamewa kawai za su yi. Amma an ɗaure su a gindi, igiyoyin neksin kuma sun riƙe su, sai zamewar ta koma lanƙwasa. Muhimmin abu shi ne gefe biyun wutsiyar ba sa ja lokaci guda: wannan ya ja, wancan ya saki, sannan su yi musanya. Kalsiyam na sauya salon bugun. Idan ya ƙaru a cikin faramisiyam, wata ƙaramar halittar ruwa mai iyo da siliya, sai ta yi iyo da baya.

Wanda aka haifa da dainin mai lahani, majina takan taru masa a huhu, maniyyinsa ya kasa iyo, kuma kusan rabin masu wannan cuta zuciyarsu tana gefen dama na ƙirji.