Masu Shirya Bidiyon Pokémon a YouTube da Twitch

Masu shirya bidiyon Pokémon, waɗanda masoya wasan ke kira PokéTuber, mutane ne da suka mayar da buga wasan Pokémon, da koyar da shi, da ba da tarihinsa sana'a a YouTube da Twitch, dandalin watsa bidiyo kai tsaye. Wasu kan naɗi bidiyo su tace shi kafin su ɗora, wasu kuma su kunna kyamara su buga kai tsaye, 'yan kallo na rubuto musu sharhi nan take. Shahararru daga cikinsu suna da mabiya miliyoyi, kuma akwai su a harsunan Ingilishi, Japananci, Sifaniyanci, Faransanci da Jamusanci.

Asalin wasan

Pokémon ya fara fitowa a Japan ranar 27 ga Fabrairun 1996, a kan 'yar na'urar hannu ta Game Boy. Kamfanin Game Freak na Satoshi Tajiri ne ya ƙirƙire shi, Nintendo ya fitar da shi kasuwa. Sunan taƙaitawa ne na kalmomi biyu masu nufin dodannin aljihu. Mai wasa yakan ratsa dazuzzuka da garuruwa yana kama halittu cikin 'yar ƙwallo, ya yi kiwonsu har su yi ƙarfi, sannan ya haɗa su karawa da na wasu. Da halittu 151 aka fara, yau sun haura 1,000.

Domin yara aka tsara wasan, kuma ana ganin haka a dokokinsa. Halittar da aka kayar ba ta mutuwa, suma take yi, a kai ta asibiti ta warke kyauta. Duk mai haƙuri zai kai ƙarshe. Wannan sauƙin yana da daɗi ga mai bugawa, amma ba ya riƙe ɗan kallo, domin babu wanda zai zauna sa'o'i yana kallon kokawar da ya riga ya san wanda zai yi kaye. Kusan duk abin da masu bidiyon nan suka ƙirƙiro daga nan ya taso: neman hanyar da za a sa wasa mai sauƙi ya zama abin da zuciya ke bugawa a kansa.

'Yan farko a YouTube, bayan kafa shi a 2005, jagora suke yi. Marriland ya yi suna wajen nuna hanyar da za a bi daga gari zuwa gari, chuggaaconroy kuma yana buga wasan tun daga farko har ƙarshe, yana bayanin kowace halitta da aka ci karo da ita. TheJWittz da MandJTV sun karkata ga ba da labarin abubuwan da ba kowa ya sani ba game da wasan.

Nuzlocke

A 2010 wani ɗalibi Ba'amurke mai suna Nick Franco ya fara zana labarin yadda yake buga Pokémon Ruby, ɗaya daga cikin jerin wasannin, da dokoki biyu da ya ɗora wa kansa. Ta farko, a kowane yanki halittar da ta fara fito masa ita kaɗai zai kama, in ta kuɓuce masa shi ke nan. Ta biyu, duk wadda ta suma a fage ta mutu ke nan, dole ya rabu da ita. Daga baya aka saba ƙara ta uku, wato a raɗa wa kowace halitta suna. Sunan wannan tsari, Nuzlocke, ya fito ne daga wata halitta mai suna Nuzleaf da ya riƙa zanawa da fuskar Locke, wani jarumi a cikin labarin shirin talabijin na Lost.

Raɗa sunan nan, ko da yake kamar ƙaramin abu ne, shi ne ƙashin bayan tsarin. Wanda ya taɓa kiwon rago a gida ya san bambanci tsakanin dabbar garke da wadda yara suka sa wa suna. Mai wasa zai kama wani ɗan tsuntsu da a da ba zai ko kalla ba, ya sa masa suna, ya yi makonni yana tafe da shi a gaban dubban mutane. Ranar da bugu ɗaya na rashin sa'a ya kwantar da shi, sai a ga mai wasan ya yi shiru, ya dafe kai, akwatin sharhi ya cika da jimami. Babu abin da na'ura ta hana shi. Zai iya kai tsuntsun asibiti ya ci gaba. Alkawarin da ya yi wa 'yan kallo ne kawai ya ɗaure shi, kuma wanda aka kama da maguɗi yakan zubar da mutuncinsa a idon jama'arsa.

A Nuwamban 2019 mai zanen katun Jaiden Animations ta ɗora bidiyon Nuzlocke ɗinta na farko, ita ma a Pokémon Ruby, kuma an kalle shi sau miliyoyi masu yawa. Ta nan tsarin ya isa ga mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. Wani Bajamushe mai tashar PokémonChallenges, wanda aka fi sani da pChal, ya ɗauki ɓangaren da ya fi tsauri: ba shan magani a tsakiyar faɗa, ba wuce matakin ƙarfin abokin karawa na gaba. Kafin kowace babbar karawa yakan zauna da lissafi, yana auna ɓarnar kowane bugu har ya san abin da zai faru a kowane zagaye. Ya yi gwaji sama da ɗari kafin ya kammala Emerald Kaizo, wani wasa da masoya suka sauya domin ya yi wuya matuƙa. SmallAnt, ɗan Kanada, ya bi wata hanya dabam, ciki har da kammala Pokémon Platinum ba tare da an taɓa lafiyar halittarsa ko sau ɗaya ba.

Lokacin da 'yan kallo suka karɓi linzami

Ranar 12 ga Fabrairun 2014 wani mai tsara manhaja ɗan Ostireliya, wanda ya ɓoye sunansa, ya buɗe tashar Twitch Plays Pokémon. Ya haɗa tsohon wasan Pokémon Red da akwatin hira, ta yadda duk wanda ya rubuta sama, ƙasa, hagu ko dama, jarumin wasan zai bi. Da mutane suka yi yawa, har sama da 100,000 a lokaci guda, sai jarumin ya koma kamar mai jiri, yana juyi a wuri ɗaya yana karo da bango. Wata 'yar gangara da mutum ɗaya zai wuce cikin daƙiƙu ta cinye musu sa'o'i, domin da wani ya rubuta ƙasa sai a faɗa a sake zagayowa. Akwai ranar da aka saki halittu 12 bisa kuskure. Da abin ya cije, mai tashar ya ƙara tsarin jefa ƙuri'a, nan kuma jama'a suka rabu biyu, masu son ƙuri'a da masu son a bar kowa ya ja nasa. Duk da haka, ranar 1 ga Maris, bayan kwana 16 ba tsayawa, suka ci wasan. Kundin bajinta na Guinness ya rubuta mutum 1,165,140 a matsayin waɗanda suka sa hannu.

Wata tashar Japan mai suna Mutekimaru ta miƙa linzamin ga kifi. An raba bangon tankin ruwa gida-gida, kowane gida da maɓallinsa, kyamara na bin inda kifin ya nufa. A 2020 kifayen suka kammala Pokémon Sapphire bayan fiye da sa'o'i 3,000. A Janairun 2023 wasan da kifayen ke bugawa a lokacin ya tsaya mai tashar ba ya nan, kifin ya ci gaba da iyo har ya shiga shagon Nintendo na intanet, ya zuba yen 500 daga katin bankin ubangidansa a gaban 'yan kallo.

Gwanayen gasa da mafarauta

A gasar da kamfanin Pokémon ke shiryawa kowane ɗan wasa yakan zo da halittu shida, ya zaɓi huɗu, biyu-biyu suna fage. Nan wasan ya fi kama da dara, domin rabin nasara shi ne karanta abin da ke zuciyar abokin karawa. Wolfe Glick, Ba'amurken da ya ci kofin duniya a San Francisco a 2016, shi ne ya fi kowa iya fassara wannan zurfin ga wanda bai taɓa shiga gasa ba, kuma tasharsa WolfeyVGC ta jawo sabbin 'yan wasa da yawa. Aaron Zheng, wato Cybertron, yana koyarwa a tasharsa, yana kuma sharhi a manyan gasanni. False Swipe Gaming kan ɗauki halitta guda ya bi tarihinta a fagen gasa, shekara bayan shekara. Labarin da ba ya tsufa a bakinsu shi ne na Se Jun Park, ɗan Koriya ta Kudu, wanda ya ci kofin 2014 da Pachirisu, ɗan kuregen da kowa ya raina.

Akwai kuma mafarautan halittu masu launi na daban, waɗanda aka fara sakawa a wasannin Gold da Silver a 1999. A da, damar ganin irinsu ɗaya ce cikin 8,192. Tun daga wasannin X da Y na 2013 ta koma ɗaya cikin 4,096. In kowane gwaji yana cin rabin minti, gwaji 8,192 ya haura sa'o'i 68, kuma babu tabbacin za a dace. Masu irin wannan shiri, kamar aDrive, hira ce jarinsu. Mutane kan zo su zauna kamar a majalisar ƙofar gida, ana taɗi ana jira, har ranar da launin zai sauya a allo ihu ya tashi.

Katuna da kuɗi

Katunan Pokémon, waɗanda ake sayarwa a rufaffun fakiti ba a san abin da ke ciki ba, sun fito a Japan tun 1996, kuma buɗe fakitinsu a gaban kyamara reshe ne mai zaman kansa, da mutane irin su Leonhart, PokeRev, UnlistedLeaf na Ostireliya da David Lafarge na Faransa. Lokacin kullen korona a 2020 farashin tsofaffin katuna ya yi tashin gwauron zabi, musamman bayan shigowar Logan Paul, shahararren mai bidiyo a YouTube. A 2021 ya mallaki wani katin Pikachu Illustrator kan dala 5,275,000, ya rataya shi a wuya a gasar kokawa ta WrestleMania a 2022. A farkon shekarar ta 2022 aka buɗe wani kwalin katuna da ya saya kan dala miliyan 3.5, aka tarar na jabu ne. Rububin ya kai ga shagunan Target na Amurka sun dakatar da sayar da katunan a cikin shaguna na wani lokaci a Mayun 2021. Wannan reshen ne ya fi jawo suka, kuma sukar tana da hujja: yaro yana ganin katin tsada ɗaya da ya fito, ba ya ganin ɗaruruwan fakitin da aka yaga kafin a same shi, abin kuwa ya yi kusa da caca.

Kuɗin shigar masu bidiyon daga talla yake zuwa, da biyan wata-wata na mabiya, da kyautar 'yan kallo, da kamfanonin da ke ɗaukar nauyin shiri. Sai dai gonar da suke nomawa ba tasu ba ce. Haƙƙin mallakar halittun, da kiɗan, da hotunan yana hannun Nintendo, Game Freak da Creatures, waɗanda suka haɗu suka kafa The Pokémon Company. Kamfanin yakan gayyaci wasunsu zuwa gasar duniya, amma ba ya sassauci ga wasannin da masoya suka ƙirƙira ko suka sauya, alhali a kansu ne yawancin shirye-shirye masu tsauri suka dogara. A 2016 masu Pokémon Uranium, bayan shekara tara suna aikinsa, sun janye shi kwanaki kaɗan da fitowarsa saboda takardun gargaɗi daga lauyoyin Nintendo, kuma a Disambar shekarar aka tsayar da Pokémon Prism ana saura kwanaki ya fito.