Waiwaye: Ƙaurar Debian daga bit 32 zuwa bit 64

A ranar 9 ga Agustan 2025 aka fitar da Debian 13, sigar babbar manhajar sarrafa kwamfuta da aka gina a kan Linux, wadda ake wa laƙabi da Trixie, kuma daga ita ne aka daina samar da kanel (zuciyar Linux) da manhajar girkawa domin tsarin i386, wato furosesa mai bit 32 wadda a kanta aka haifi Linux. Ƙaurar da ta kai ga wannan mataki ta ci shekara ashirin ana yinta.

Lokacin da Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a 1991, ya gina ta ne kacokan a kan furosesar Intel 80386, har shi kansa bai zaci za ta yi aiki a kan wata na'ura ba. Gazawar wannan tsari ita ce ba ya iya riƙe ma'adanar aiki da ta wuce gigabait 4 kai tsaye, adadin da a wancan zamani ya yi kama da mafarki, amma kafin shekara goma ya zama ƙaidi ga manyan kwamfutoci.

Intel da HP sun fito da Itanium a 2001, furosesa mai bit 64, sabon gini tun daga tushe, wanda tsofaffin manhajoji ke tafiyar hawainiya a kansa. Kamfanin AMD kuwa ya faɗaɗa tsohon tsarin ne zuwa bit 64, ya ƙara rajistocin lissafi daga 8 zuwa 16, ya kuma bar tsofaffin manhajoji suna aiki yadda suka saba, sannan ya fitar da Opteron a 2003. A ganina nan ne aka yi ta ta ƙare, domin a 2004 Intel ta bi sahu, shi ya sa har yau Debian ke kiran tsarin amd64 ko da furosesar ta Intel ce. An cire Itanium daga kanel a farkon 2024.

Debian ta karɓi amd64 a hukumance a Afrilun 2007, cikin fitowar Debian 4.0, wato Etch. Tun da rubutun manhajojinta a buɗe yake, an sake harhaɗa dubbansu domin sabon tsarin, kodayake sai da aka bi su ana gyara wuraren da marubuta suka ɗauka cewa girman adireshin ma'adana ba zai taɓa wuce bit 32 ba. Inda gizo ke saƙa shi ne manhajojin kamfanoni da wasannin kwamfuta waɗanda ba wanda ke da rubutunsu sai masu su. Saboda irinsu ne Debian 7 ta zo a 2013 da dabarar zaunar da ɗakunan manhaja na tsari biyu a kwamfuta guda. Da Ubuntu, wadda aka gina a kan Debian, ta sanar a 2019 cewa za ta watsar da i386, kamfanin Valve mai dandalin wasanni na Steam ya ce zai janye goyon bayansa, kuma cikin 'yan kwanaki Canonical, mai Ubuntu, ta sassauta.

Abin da ya rage na i386 a Trixie shi ne hidimar waɗannan tsofaffin manhajoji a kan kwamfuta mai bit 64, har ma da gangan aka ƙi faɗaɗa ma'aunin lokacinsa, wanda zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, don kada su lalace. Ina tausaya wa masu tsofaffin kwamfutoci masu tsarin i386 da har yanzu ke aiki lafiya, domin Debian 12 ce zangonsu na ƙarshe a wannan gida. A fitowar Trixie ɗin kuma aka shigar da riscv64, wani tsarin furosesa mai bit 64, cikin jerin na hukuma a karon farko.