Aiwatarwar Sashe a Shirye-shiryen Kwamfuta da Inda Mai Koyo Zai Fara

Aiwatarwar sashe, wadda a Turance ake kira partial evaluation, dabara ce ta ɗaukar furogaram ɗin da ke karɓar bayanai kala biyu, wasu an san su tun kafin a kunna shi wasu kuma sai lokacin aiki ake samun su, sai a yi duk lissafin da ya dogara da waɗanda aka sani ɗin tun yanzu, a fitar da sabon furogaram da ya rage, wanda aikinsa ɗaya da na asali amma ya fi shi sauri tunda an riga an sauke masa rabin kayan.

Misalin da kusan kowane malami ke fara koyarwa da shi shi ne na ɗaga lamba. A ce akwai furogaram da ke lissafa x a ɗaga shi zuwa n, yana zagaye yana ninkawa har sau n, yana duba ko n ya kai sifili. To in aka san cewa n ɗin 3 ne koyaushe, mai aiwatarwar zai warware zagayen gaba ɗaya, ya bar maka x*x*x kawai, babu gwaji babu zagaye. Duk sirrin yana cikin nan, sauran kuwa faɗaɗawa ne.

Tushen abin a lissafi ya koma ga Stephen Kleene da ka'idarsa ta s-m-n, wadda ta nuna cewa irin wannan keɓancewar, wato fitar da sabon furogaram na musamman daga bayanan da aka riga aka sani, tana yiwuwa, sai dai Kleene bai damu da ko sabon furogaram ɗin zai yi sauri ba. Wanda ya sa abin ya zama fanni shi ne Yoshihiko Futamura ɗan Japan, a takardarsa ta 1971. Shi ya lura da cewa in ka ɗauki tafinta na wani harshen kwamfuta (interpreter, wato furogaram da ke karanta wani furogaram yana aiwatar da shi kai tsaye) ka keɓance shi da furogaram guda, abin da zai fito tamkar furogaram ɗin da aka riga aka kwamfaila ne, wato aka fassara shi zuwa wani harshen da za a kunna kai tsaye. In ka keɓance mai keɓancewar, wato shi mai aiwatarwar sashen, da tafintan, ka samu kwamfaila, furogaram mai yin wannan fassarar. In kuma ka keɓance shi da kansa, ka samu injin ƙera kwamfaila. Waɗannan matakai uku su ake kira tsinkayen Futamura, kuma gaskiya duk wanda ya fara gane na uku sai ya ɗan tsaya ya yi shiru. A Tarayyar Sobiyat ma Andrei Ershov da Valentin Turchin sun yi nasu aikin a kan wannan tunanin ta hanyoyi daban.

Amma rubutawa a takarda daban, samar da abin da ke aiki daban. Sai a 1985 Neil Jones da Peter Sestoft da Harald Søndergaard a Jami'ar Kofanhegan ta Denmak suka fitar da Mix, mai aiwatarwa na farko da ya iya keɓance kansa da gaske. Abin da ya ba su nasara shi ne raba aikin gida biyu: da farko a bi furogaram a yi wa kowane sashe alama, wannan za a iya lissafa shi yanzu, wancan sai daga baya, sannan a zo a yi keɓancewar. Ana kiran wannan salon na waje da layi (offline), ɗayan kuma wanda ke yanke shawara yana cikin tafiya shi ne na kan layi (online). Daga wannan makarantar wasu masu aiwatarwar suka fito, Similix na harshen Scheme, da C-Mix na Lars Ole Andersen na harshen C.

Ga mai neman inda zai fara, ni dai shawarata kada ya fara da takardar Futamura duk da ita ce uwa, don gajeriya ce kuma a dunƙule take. Ya fi kyau ya fara da gabatarwar da Neil Jones ya rubuta a mujallar ACM Computing Surveys a 1996, ko bayanan koyarwa na Charles Consel da Olivier Danvy na taron POPL, taron masana harsunan kwamfuta, na 1993. Bayan nan sai babban littafin, Partial Evaluation and Automatic Program Generation na Jones da Carsten Gomard da Sestoft, wanda Prentice Hall ta buga a 1993, kuma ana samun sa kyauta a intanet. Babin da ya fi amfanar mai koyo shi ne wanda suka ɗauki ɗan ƙaramin harshe na zanen tafiyar aiki (flow chart) suka gina mai aiwatarwa a kansa mataki-mataki, har tsinkayen uku suka fito fili. Wannan babin a zauna a rubuta shi da hannu, karatu kawai ba ya isa, saboda sai ka ga naka mai aiwatarwar ya shiga zagaye mara ƙarewa sannan za ka gane me ya sa matsalar tabbatar da cewa keɓancewar za ta tsaya ta ci wa masu fannin tuwo a ƙwarya. Kafin nan dai mutum na buƙatar ya ɗan iya Scheme ko wani harshe irinsa, kuma ya taɓa rubuta tafinta ko da ƙarami ne.

Wanda ke son ganin abin a aikin yau sai ya duba Truffle da GraalVM na kamfanin Oracle, inda ake rubuta tafinta kawai a Java, injin ya keɓance shi da furogaram ɗin da yake aiwatarwa yayin aiki ya fitar da lambar inji, wato umarnin da kwamfuta ke bi kai tsaye, wannan kuwa tsinkayen Futamura na farko kenan. Sababbin bincike kuma ana gabatar da su a PEPM, taron masu wannan fannin da aka fara tun 1991.